BENJAMIN FRANKLIN: ƊAN MAI SABULU DA YA KAFA ƘUNGIYAR KASHE GOBARA TA SA-KAI

A fitowar bana mun zaɓi mu kawo wa mai karatu tarihin mutumin da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe takardar dala ɗari ta Amurka ya ga fuskarsa. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa shi ne wani ƙaramin aikin gayya da ya assasa, wanda muke ganin mu mutanen Kasuwar Kurmi da unguwannin da ke kewaye da ita mun fi kowa bukatar saninsa.

An haifi Benjamin Franklin a birnin Boston ranar 17 ga Janairu, 1706, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa Josiah mai sana'ar sabulu da kyandir ne, yana da 'ya'ya 17, Benjamin ne na 15. Shekara biyu kacal ya yi a makaranta aka cire shi don ya taimaka a shago. Yana da shekara 12 aka damƙa shi a hannun yayansa James don ya koyi aikin ɗab'i. A nan ya ƙulla abota da littattafai, ya koya wa kansa abin da makaranta ba ta samu koya masa ba. A 1723 suka saɓa da yayan nasa, ya gudu zuwa birnin Filadelfiya ba shi da komai sai sana'ar hannunsa.

A 1727 ya tara wasu abokansa masu sana'ar hannu suka kafa wani zaure mai suna Junto, suna haɗuwa duk daren Juma'a don tattauna abin da zai amfani gari. A 1729 ya mallaki jaridar Pennsylvania Gazette. Shekara guda bayan haka, wato 1730, gobara ta tashi a bakin tashar jiragen ruwan birnin, ta cinye ɗakunan ajiyar kaya da wasu gidaje. Hukumar gari ta sayo kayan kashe wuta, sai dai Franklin ya lura cewa kaya ba su da amfani matuƙar babu mutanen da suka san aikinsu tun kafin a yi kururuwa. A 1735 ya yi rubutu a jaridarsa da sunan wani dattijo, yana jan kunnen jama'a game da ɗaukar garwashi a buɗe daga ɗaki zuwa ɗaki da barin bututun hayaƙi ba shara, ya kuma ba da shawarar a kafa ƙungiya.

Ranar 7 ga Disamba, 1736, aka kafa Union Fire Company, aka kuma ƙayyade yawan 'yan ƙungiyar. Dokokinta masu sauƙi ne. Kowa zai tanadi gugunan fata da jakunkunan yadi da kuɗin aljihunsa, a rubuce da sunansa, gugunan na ɗibar ruwa, jakunkunan na kwashe kaya. Da zarar an ji gobara, kowa zai fito da nasa. Wasu su yi layi suna miƙa wa juna ruwa, wasu su fitar da dukiya, wasu kuma su tsare ƙofa don kada ɓarayi su sami rabo cikin hayaniya. Sun riƙa zama a kai a kai, ana duba kayan kowa. Wanda ya yi fashin taro sai a ci shi tara, da kuɗin tarar kuma ake sayen tsani da ƙugiyoyi da injin feshin ruwa da ake bugawa da hannu. Abin da ya bambanta su da irin ƙungiyoyin da suka riga su a Boston shi ne ba su taƙaita agajinsu ga junansu ba, gidan kowa ya kama suna zuwa.

Da masu neman shiga suka yi yawa, ba a faɗaɗa ƙungiyar ba, sai aka shawarce su su kafa tasu. Ta haka aka sami ta biyu mai suna Fellowship a 1738, wasu kuma suka biyo baya har suka game birnin. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta cikin tsufa, Franklin ya nuna cewa tun daga lokacin gobara ba ta ƙara cin fiye da gida ɗaya ko biyu a tashi guda ba. A 1752 ya jagoranci kafa kamfanin inshorar gobara, a cikin shekarun nan ne kuma ya ƙirƙiro sandar ƙarfen nan da ake kafawa a kan gini don kare shi daga tsawa.

Sauran rayuwarsa sananne ne. Yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776, ya yi jakadanci a Faransa, ya kuma sa hannu a tsarin mulkin ƙasar a 1787. Ya taɓa mallakar bayi, amma a ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1790, yana da shekara 84.

Yanzu bari mu dawo gida. Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ta girmi Filadelfiya da wajen shekara 200. Lungunanta an yi su ne don mutum da jaki, motar 'yan kwana-kwana ba ta iya ratsa yawancinsu. Kayan da muke kasawa kuwa, tufafi da tabarmi da fatu da turare da littattafai, duk abincin wuta ne, musamman a lokacin hunturu. Ba mu manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban rumfuna cikin dare guda. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin jami'an hukuma su iso, wuta tana hannun maƙwabta ne. Saboda haka muke kira ga shugabannin layuka da matasanmu da su duba wannan tsari: mutum 30 a kowane sashe, kowa da bokitinsa da yashi da tukunyar kashe wuta, a san wanda zai yanke lantarki, a san wanda zai kira 'yan kwana-kwana, a san masu tsaron dukiya, a kuma nemi hukumar kashe gobara ta jiha ta horar da su. Gayya da adashi gadonmu ne, ba sai mun aro ba. Abin da ya rage shi ne rajista da ranar taro da tarar wanda ya yi fashi. Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, amin.