Gregor Mendel, malamin da ya ƙidaya wake

Me ya sa ɗa yake kama da iyayensa? Me ya sa wani lokaci jika yake ɗauko kamannin kakansa, ya bar na ubansa? Manoma da makiyaya sun daɗe da lura da haka. Amma wanda ya fara gano ƙa'idar gado shi ne Gregor Mendel, kuma cikin ƴar garka ya gano ta.

An haifi Mendel a shekara ta 1822, a wani ƙauye na daular Ostiriya wanda yake cikin ƙasar Cek a yau. Ubansa ƙaramin manomi ne. Kuɗin karatu ya yi musu wuya, har sai da ƙanwarsa ta ba shi wani kaso na dukiyar aurenta. A 1843 ya shiga gidan masu ibada na Kirista a birnin Burno. Daga 1851 zuwa 1853 ya yi karatun lissafi da ilimin tsirrai a jami'ar Biyana. Sau biyu ya shiga jarrabawar malanta bai samu ba, amma bai daina koyar da yara ba.

A 1856 ya fara gwaji da wani irin wake na ƙasar Turai. Furen wannan wake yana da sashen namiji da na mace, yana yi wa kansa barbara. Sai Mendel ya riƙa buɗe furen tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji, ya ɗebo garin furen wata shuka ya shafa masa. Ta haka ya san uwa da uban kowace ƙwaya.

Ya haɗa dogon wake da gajere. Ƴaƴan duka suka fito dogaye. Ya bar su suka yi wa kansu barbara, ya shuka irinsu. Sai ga gajarta ta komo cikin jikoki! Ya ƙidaya: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ya gwada halaye bakwai, kamar launin ƙwaya da siffarta, kullum lissafin yana fitowa haka. Shekara takwas ya yi yana aikin, a kan shuke-shuke wajen 28 000.

Ga abin da ya gane. Kowace shuka tana da ƙwayar gado biyu ta tsawo, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ta tsawo ta gamu da ta gajarta, ta tsawo ce ke rinjaye. Ta gajarta ba ta ɓace ba, ɓoye take. Ba ta bayyana sai ta gamu da ƴar'uwarta.

Mendel ya bayyana aikinsa a 1865, aka buga shi a 1866. Masanan zamanin ba su kula ba. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, aiki ya yi masa yawa. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana uku suka sake gano ƙa'idar, suka tarar ya riga su. A yau masu zaɓen irin hatsi da na wake, kamar na cibiyar binciken noma ta Tarna kusa da Maraɗi, suna aiki da ita.

Aiki

Ku samo ƙorai biyu. Ku zuba jan wake 50 da fari 50 cikin kowace. Ɗalibi guda ya rufe ido, ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. In akwai ja ko ɗaya, ku rubuta dogo. In duka farare ne, ku rubuta gajere. Ku mai da ƙwayoyin, ku gauraya, ku sake har sau 100. Ku gwada lissafinku da na Mendel.

Tambayoyi

1. Me ya sa Mendel yake cire sashen namiji na fure?
2. Ina gajarta ta shiga a ƴaƴan farko?
3. Shekara nawa bayan rasuwarsa aka gane darajar aikinsa?