Herbert Seddon, likitan da ya kasa raunin jijiya kashi uku

Duk wanda babur ya taɓa kayarwa a hanyar Kalgo ko ta Gwandu, ya tashi hannunsa na reto kamar ba nasa ba, tambayarsa ɗaya ce: hannun nan zai dawo? Amsar da likitoci ke bayarwa a yau ta samo tushe ne daga aikin wani Baturen Ingila, Herbert Seddon, wanda aka haifa a garin Derby a 1903.

Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya ƙware a tiyatar ƙashi. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Oxford, inda ya shugabanci sashen da ake kai sojojin da harsashi ya lalata musu jijiyoyin hannu da ƙafa. Jijiyar da ake nufi a nan ba ta jini ba ce, ita ce mai kai saƙon motsi daga laka zuwa tsoka, ta kuma dawo da saƙon ji.

A 1943 ya wallafa binciken da ya fito da sunansa. Ya nuna cewa hannaye uku za su iya shanyewa iri ɗaya a ido, alhali ciwonsu daban. A na farko an danne jijiyar ne kawai, saƙo ya tsaya, kuma takan farfaɗo da kanta cikin kwanaki ko makonni. A na biyu zaren ciki ya tsinke amma rigarsa na nan, don haka sabon zare zai tsiro ya bi tsohuwar hanya. A na uku jijiyar ta rabu biyu, kuma ba gashi, ba ɗori, ba shafe-shafen da zai haɗa ta sai tiyata.

Abin da ya fi wahalar haɗiya shi ne saurin tsirowar: kimanin milimita 1 a rana. Idan raunin a kafaɗa yake, sai jijiya ta yi fiye da shekara kafin ta isa yatsu. Tsokar da ba ta samun saƙo kuwa ramewa take yi, gaɓoɓi su sandare. Nan aikin likitan fisiyo yake, wanda mutanenmu ke ɗauka mai tausa ne kawai. Shi ke motsa kowace gaɓa kullum, ya ɗaure hannu da abin tallafi don kada ya lanƙwashe, ya koya wa majinyaci kare fatar da ba ta jin zafin wuta, ya kuma riƙa auna ƙarfin tsoka. Idan watanni suka shuɗe ba alamar dawowa, shi zai ankarar da mai tiyata tun kafin lokaci ya ƙure. A ganina, wanda ya ɓata watannin nan yana zaga gidajen masu ɗori ya yi asarar da ƙwararrun asibitin ƙashi na Dala ma da wuya su mayar.

Seddon ya kuma je tsibiran Malta da Mauritius lokacin ɓarkewar shan-inna. A 1948 ya koma Landan yana jagorantar cibiyar koyar da tiyatar ƙashi, daga baya har Winston Churchill ya zama majinyacinsa. An ba shi sarautar Sir a 1964, ya fitar da babban littafinsa kan tiyatar jijiyoyi a 1972, ya rasu a Disamban 1977.