Taƙaitaccen Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kafin mu shiga waƙa da sharhinta, ya kyautu mu san mai ita. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi da aka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau. An haife ta a Degel shekara ta 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hasan. Sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da wahalar tafiya tare da jama'a.

Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a gidan mahaifinta, bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Mafi girman aikinta shi ne 'yan taru. Yayin da yaƙe-yaƙe suka lafa, ta ga matan ƙauye da yawa ba su san tsarki da salla ba, bori kuwa yana jan su. Sai ta riƙa zaɓen dattijuwa amintacciya daga kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta ɗaure da jan ƙyalle. Malfa kuwa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Ta mai da ita alamar shugabancin ilimi, don mata su gane ta, su bi.

Jaji takan jawo tsofaffi da 'yan mata a ƙasa, tafiyar kwanaki, har wurin Nana. Su hardace waƙoƙinta, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Sukan zo mata da hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuwa ta raba wa makafi da guragu da gajiyayyu. Ta hore su da jinyar marasa lafiya, da wankan gawa, da sulhunta masu husuma.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da Shehu. Ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin a bayanta.

To, ya kai mai gida, Shehu da kansa ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Wanda duk ke tawassuli da gidan Shehu, alhali ya hana ɗiyarsa karatu, ya binciki kansa.

Allah ya ƙara mata yarda, ya amfane mu da albarkarta. Amin.