Gani Odutokun: Malamin Zariya da ya yi wa masu mulki hannunka mai sanda da fenti

Ɗalibin da ya taso daga Kankiya ko Kusada zuwa Samaru ya fi sanin Jami'ar Ahmadu Bello da yaye likitoci da lauyoyi. Kaɗan ne suka san cewa sashen zane-zanenta ya taɓa samun malamin da har yau ake ambato cikin manyan masu zanen Najeriya, wato marigayi Gani Odutokun.

An haife shi a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa, fatauci ne ya kai su can. Ya kammala digirinsa na farko a Zariya a 1975, na biyu kuma a 1979, sannan ya ci gaba da koyarwa a sashen har ƙarshen rayuwarsa.

Gani bai damu da zana mutum kamar yadda kyamara ke ɗaukarsa ba. Abin da ke cikin zuciya yake son fitarwa, ko tsoro ne ko girman kai, ko da fuska za ta karkace, launi ya yi zafi. Wannan salo ya yi ƙarfi a Jamus tun daga 1905, lokacin da wasu matasa suka kafa ƙungiyar masu zane a birnin Dresden. Gwamnatin Hitler ta tsane shi, har ta baje kolin irin waɗannan zane-zane a Munich a 1937 domin a yi musu dariya. A shekarar ce Max Beckmann, ɗaya daga cikin gwanayen Jamus, ya bar ƙasarsa. Daga baya ya koma Amurka, inda ya rasu a 1950. Masu mulki sun daɗe da gane cewa zane ma magana ce.

Gani ya yi tasa maganar a zamanin mulkin soja, lokacin da faɗin gaskiya ke iya kai mutum gidan yari. Cikin fitattun ayyukansa akwai zanen wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai kama sunan kowa ba, amma mai tsarguwa ya san kansa.

Dabararsa ma ta daban ce. Yakan tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya duba siffar da ta fito ya daidaita ta. Wato rabin aikin katari ne, rabi kuma shiri. Ɗalibansa da dama sun ɗauki wannan hanya.

A watan Fabrairun 1995, yana dawowa daga baje kolin zane a Cibiyar Goethe ta Jamusawa da ke Legas, ya rasu a haɗarin mota tare da wasu abokan sana'arsa, bai cika shekara 50 ba. A 2000 aka baje ayyukansa da na waɗanda suka koya daga gare shi a Landan.

Ya bar zane-zane, ya bar almajirai, ya kuma nuna cewa ko an rufe baki, hannu na iya ba da shaida.