Likita Dalziel, Baturen da ya bi daji yana tambayar sunayen itatuwanmu

A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun ɗauko wani likita Bature wanda yawancinmu a Damargu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali shi ya san sunan anza da aduwa da sabara tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunansa John McEwan Dalziel. Haka ake rubuta shi, amma mutanen ƙasarsu ta Sikotilan Diyel suke faɗi.

An haife shi a 1872 a ƙasar Indiya. Ya yi karatun likita a birnin Edinbara, daga nan ya tafi kudancin ƙasar Sin a 1895, ya yi aikin asibitin mishan har zuwa 1902. Tun a can ya fara tara tsirrai. A 1905 ya shiga aikin likita na gwamnatin Ingila a Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewacin Najeriya, shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Ya zauna a wurare irin su Kwantagora, Katagum, Yola da Sakkwato, daga baya kuma Legas da Ankara ta ƙasar Gana.

To, yaya yake aikin? In ya ga itace ko ciyawa, sai ya yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ya shimfiɗa tsakanin takardu, ya danne da nauyi har ya bushe. Sai ya rubuta inda ya samo shi, da lokacin, da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da abin da suke yi da shi. Busassun nan ya riƙa aika su lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, inda masana ke gwada su da na sauran ƙasashe su ba su sunan kimiyya. Yau a Kew akwai irin waɗannan busassun tsirrai wajen miliyan 7, kuma na hannunsa suna ciki.

Su wa suka gaya masa sunayen? Ai ba wasu ba ne, manoma ne, da makiyaya, da maharba, da wanzamai, da majema, da tsofaffin mata masu haɗa wa jarirai dauri. Ya yi haƙurin tsayawa ya tambaya ya rubuta, abin da Turawan zamaninsa da yawa ba su damu da shi ba. A 1910 ya fitar da bayani a kan albarkatun tsirran lardin Yola. A 1916 kuma aka buga masa ɗan littafi a Landan, A Hausa Botanical Vocabulary, shafi ɗari da 'yan kai. Sunayen Hausa ne ya jera daga farko zuwa ƙarshe, kowanne da sunansa na kimiyya da ɗan bayanin amfaninsa.

Da ya bar aikin likita a 1922, sai ya koma Kew. Shi da wani masani mai suna John Hutchinson suka haɗa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya cike shi da littafin da ya fi yi masa suna, The Useful Plants of West Tropical Africa, fiye da shafi 600, a kan abin da ake ci, da na magani, da na rini, da na jima, da na igiya, da kuma masu dafi. Ya rasu a 1948 a Landan. Bayansa wani masani, H. M. Burkill, ya faɗaɗa littafin ya zama mujalladi 6, daga 1985 zuwa 2004.

Masana sun saka masa ta hanyarsu. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da masu magani ke sayar da ɓawonsa a kasuwa, sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii. Karan masallaci kuwa Caralluma dalzielii. Kun ga sunan likitan a maƙale a wutsiyar kowanne.

Wani zai ce, mutumin da ya yi aiki a ƙasar Ingilishi, ina ruwanmu da shi mu da muka kasance a hannun Faransa? Ai itace bai san iyaka ba. Bagaruwar da majemin Kano ke jima da ita, ita ce ta Tanut. Kalgo, gawo, magarya, jiga, tafasa, filasko, tumfafiya, duk sunan ɗaya ne ko kusa da haka daga Katagum har Belbeji. Shi ya sa ɗalibi a jami'ar Yamai ko Zariya ko Damagaram, in zai auna wani sassaƙe a ɗakin gwaji, sai ya fara tabbatar da wane itace ne a kimiyyance. Suna ɗaya yakan hau itace biyu, itace ɗaya kuma yakan yi suna uku. In aka kuskure a nan, duk binciken ya tashi a banza, in magani ne ma yana iya yin illa. Gadar da Dalziel ya gina tsakanin sunan Hausa da na kimiyya ita ake takawa har gobe.

Kuma sau da yawa abin da ɗakin gwaji ya gano, ƙauye ya riga shi sani. A 1933 wani likita a Sudan, R. G. Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa suna kashe ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya a ruwan tafki. A Sudan ɗin dai, wata mai bincike, Samia Jahn, ta koya daga matan ƙauye cewa garin ƙwayar zogale yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, yanzu kuma ana gwada shi har a ruwan dattin birane. A Senegal an auna ganyen anza aka tarar yana kashe ƙwarin wake a ma'aji.

Anza kam ba sai an gaya mana ba. A 1973 da 1984 da 2005, gidaje nawa ne a Damargu suka rayu da dilo? Iyayenmu mata sun san sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsa ya fita ya ciwu, wanda ya yi gaggawa kuma ya sha wuya. Gidauniyar Eden ta yi shekaru a Dalli kusa da Tanut tana aiki da manoma a kan shuka irin waɗannan itatuwa, kamfanin Sahara Sahel Foods kuma a Damagaram yana sarrafa anza zuwa abincin sayarwa. Abin da a da ake jin kunyar a ce an ci, ga shi ya zama haja.

Sai dai mu faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Dalziel ma'aikacin mulkin mallaka ne, masu mulkin kuma suna son sanin wane itace ke ba da ƙaro, wane ke ba da mai, don kasuwarsu. Sannan sunansa ne ya hau hano da karan masallaci, alhali waɗanda suka nuna masa itacen suka gaya masa amfaninsa ba su samu wannan ba. Haka kuma littafinsa ya rubuta abin da mutane ke yi ne, bai ce kowane magani yana warkarwa ba. Ruwan tumfafiya yana ɓata ido, wani sassaƙen in ya yi yawa yana taɓa ƙoda da hanta. Yaro in zazzaɓi ya kama shi, a kai shi likita tukuna.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan. Fari da gatari sun rage dajinmu, tsofaffin da suka san shi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku gwada yaron da ya tashi a Agadas ko Kano ko Sabha, ku ce ya lissafa itatuwan garinsu guda 20, ku ji inda zai tsaya. Baƙon da ya zo daga uwa duniya ya ga darajar sunayen nan har ya rubuta su da alƙalami. Mu ga waya a hannunmu mai ɗaukar hoto da murya.

Don haka muna roƙon na gida, ku zauna da kaka ko wanzamin unguwa ko makiyayi, ku ɗauki hoton itacen, ku naɗi sunansa da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, da Barbarci, da amfaninsa da haɗarinsa. Wannan karon ku rubuta har da sunan wanda ya gaya muku, in ya yarda. 'Yan'uwa na nesa kuma, in kun kira gida gaisuwa, ku ƙara da wannan tambaya. Abin da kuka samu ku kawo mana gidan rediyo, za mu karanta shi a fili. Allah ya ba mu damina mai albarka.