Kamara Laye (1928–1980): Marubucin Labarin Ƙuruciya

A cikin ƙagaggun labarai akwai wani rukuni da ke bin rayuwar yaro tun yana wasan ƙasa har ya kai munzalin mutum, yana nuna irin tsoro da kunya da soyayya da rabuwar da matashi kan ci karo da su a hanya. Ɗalibin Hausa ya riga ya ɗanɗani irin wannan a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka rubuta domin gasar 1933. A Afirka ta Yamma kuwa, da wuya a sami marubucin da ya yi fice da wannan jigo kamar Kamara Laye, mutumin ƙasar Gini.

An haife shi a ranar 1 ga Janairu, 1928, a garin Kurusa da ke bakin kogin Neja, wato kogin nan da muke kira Kwara idan ya gangaro ƙasarmu. Iyayensa Musulmi ne, 'yan ƙabilar Malinke. Kamara sunan zuriyarsu ne, Laye kuwa gajarta Abdullahi ne, kamar yadda Bahaushe kan ce Audu. Al'adar makarantun Faransawa ta fara kiran sunan dangi ita ce ta sa aka san shi da sunan a juye. A littattafansa da harafin C ake fara rubuta Kamara, amma mun bi furuci a nan domin kada mai karatun Hausa ya ba harafin sautin da ba nasa ba.

Mahaifinsa maƙeri ne, mai ƙirar baƙi da ta zinariya, kuma a cikin maƙerar nan yaron ya buɗe ido, tsakanin zugazugi da 'yan koyo da maroƙan da kan zo su wasa maƙerin idan ana narka zinariya. Ya yi karatun allo, sa'an nan aka sa shi makarantar boko ta Faransawa a garinsu. Yana da kimanin shekara 15 ya hau jirgin ƙasa zuwa Konakiri, babban birnin ƙasar, inda ya zauna a gidan ƙanin mahaifinsa yana karatu a makarantar koyon sana'a. A 1947 aka ba shi tallafin karatu zuwa Faransa domin ya koyi aikin injin mota a Arjantoy, kusa da Paris. Da tallafin ya ƙare bai koma gida ba. Ya shiga leburanci a kamfanin motoci na Simca, ya yi dako a babbar kasuwar Paris, yana kuma zuwa ajin dare.

A cikin wannan hali na sanyi da kaɗaici da ƙarancin abin hannu ya fara rubuta abubuwan da yake tunawa na gida. Rubutun nan shi ne ya zama L'Enfant noir, wato Baƙin Yaro, wanda aka buga a 1953, marubucin yana da shekara 25. A shekarar da ta biyo baya littafin ya ci kyautar Charles Veillon, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi. Da sunan The African Child ya shigo makarantun sakandare na Nijeriya, inda ɗalibai masu yawa suka karanta shi domin jarrabawa.

Ya kamata mai nazari ya lura da yadda aka tsara littafin, domin nan ne gwanintar take. Kowane mataki na girman yaron rabuwa ce da wani abu. Tun farko muna ganin sa yana wasa da maciji bai san haɗarinsa ba, daga baya mahaifinsa ya nuna masa wani ɗan baƙin maciji mai ziyartar maƙera, wanda ake ɗauka majiɓincin zuriyarsu ne. Uban ya kuma bayyana fargabarsa cewa ɗan nasa ba ya zama kusa da shi yadda zai gaji wannan sirri, saboda makaranta ta janye shi. A ƙauyen kakarsa, Tindikan, yana shiga cikin masu girbin shinkafa, yana jin daɗin waƙarsu, amma tufafin makarantar da ke jikinsa sun riga sun ware shi daga tsararrakinsa. A makaranta kuma manyan ɗalibai na cin zalin ƙanana, suna ƙwace musu abinci, har sai da iyaye suka tashi tsaye.

Babin da ya fi zama a zukatan masu karatu shi ne na daren Konden Diyara. Ana kwashe yaran da ba a yi wa kaciya ba zuwa bayan gari, a sa su durƙusa su rufe ido, sai su ji rurin zakoki ta ko'ina. Daga baya yaron ya gane cewa samari ne ke wulwula wasu 'yan alluna a jikin igiya suna fitar da wannan ƙara. Marubucin bai yi wa al'adar dariya ba, bai kuma ɓoye dabarar ba. Ya nuna cewa tsoron da yaran suka ji na gaske ne, kuma danne shi da suka yi shi ne darasin. Bayan an yi masa kaciya aka ba shi ɗakin kansa, ya ga mahaifiyarsa tsaye nesa kaɗan, ya fahimci cewa zaman da ya saba yi a gindinta ya ƙare. Daga nan sai Konakiri, da jinyar da ya yi a asibiti, da soyayyar kunya tsakaninsa da wata yarinya mai suna Mari, da rasuwar abokinsa da ta fara nuna masa cewa mutuwa ba ta duba shekaru. Littafin ya ƙare yana cikin jirgin sama, ya baro mahaifiyarsa tana kuka, taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris tana cikin aljihunsa.

Ba kowa ne ya yi marhabin da littafin ba. Marubucin nan na Kamaru, Mongo Beti, ya soke shi da cewa ya zana Afirka mai daɗi da kwanciyar hankali, ya kau da kai daga aikin tilas da sauran zaluncin mulkin mallaka. Sukar tana da tushe, domin kusan babu Bature mai mulki a cikin labarin. Sai dai a ganina ta wuce gona da iri. Wa ya kawo makarantar da ta raba yaron da maƙera? Wa ya shimfiɗa titin jirgin da ya ɗauke shi? Mulkin mallaka yana nan a cikin littafin, amma ta idon yaron da bai san sunansa ba tukuna, illa dai yana jin yadda yake yanke shi daga gida.

A 1954 ya fitar da Le Regard du roi, labarin wani Bature da ya tsiyace a Afirka yana neman ganin sarki. Shekaru bayan rasuwarsa wasu manazarta, musamman Adele King a 2002, sun kawo hujjojin cewa akwai hannun wasu Turawa a rubuta wannan littafi, wasu kuma suka ƙi yarda da hujjojin.

Ya dawo Afirka a 1956. Bayan Gini ta sami 'yanci a 1958 ƙarƙashin Seku Ture, ya riƙe muƙamai a gwamnati, har da aikin jakadanci da na ma'aikatar watsa labarai. Zaman bai yi tsawo ba, domin mulkin ya koma na kama-karya. A 1965 ya tsallaka Senegal da iyalinsa, kuma a 1966 aka buga Dramouss, wanda ya ci gaba da labarin matashin da ya dawo gida ya tarar da siyasar tsoro da kurkuku. Aka haramta littafin a Gini. Mari, wadda ya aura tun suna Faransa, ta koma gida a 1970 domin duba mahaifinta, aka kama ta, ta shekara bakwai a tsare. Shi kuwa ya zauna a Dakar da 'ya'yansu, yana aikin bincike a cibiyar IFAN, ga talauci ga ciwon ƙoda.

Littafinsa na ƙarshe, Le Maître de la parole, ya fito a 1978. Ya gina shi ne a kan tarihin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali, kamar yadda ya ɗauko daga bakin wani tsohon maroƙi mai suna Babu Konde a 1963. Shi ma labarin yaro ne da aka kora daga garinsu ya girma a baƙon wuri, sai dai Sunjata ya koma gida ya ci sarauta. Kamara Laye bai sake taka ƙasar Gini ba. Ya rasu a Dakar ranar 4 ga Fabrairu, 1980, yana da shekara 52, shekara huɗu kafin mutuwar Seku Ture.