Tarihin Marigayi Tommy Bolin, Gwanin Kiɗan Jita

An haifi Thomas Richard Bolin, wanda aka fi sani da Tommy Bolin, ran 1 ga Agusta, 1951, a garin Sioux City na Jihar Iowa, ƙasar Amurka. Tun yana yaro ya kama jita, kuma da kunne ya koyi kiɗa, ba a makaranta ba. Bai gama sakandare ba ya bar gida ya nufi Jihar Colorado, inda ya fara yin suna a ƙungiyar Zephyr.

A wancan zamani akwai tazara tsakanin kiɗan rok mai ƙarfi da amo, abin son samari, da kiɗan jaz, wanda ya gaji salon bibop na shekarun 1940, inda makaɗi yakan ƙago sautinsa nan take cikin sauri da lissafi. Bolin yana cikin waɗanda suka haɗa biyun. A 1973 mashahurin makaɗin gangar jaz, Billy Cobham, ya gayyace shi birnin New York domin aikin faifan Spectrum. Kiɗan da ya yi a faifan ya tabbatar cewa ɗan rok yana iya zama cikin gwanayen jaz ba tare da ya ji kunya ba, har Jeff Beck na Ingila ya yi koyi da wannan salo.

Daga nan ɗaukaka ta yi ta zuwa. Ya shiga ƙungiyar James Gang a 1973, sa'an nan a 1975 ƙungiyar Deep Purple ta Ingila ta ɗauke shi a gurbin Ritchie Blackmore. A wannan shekara ya fitar da faifansa na kansa, Teaser, ya bi shi da Private Eyes a 1976.

Sai dai kuma tuni miyagun ƙwayoyi suka kama shi, har suka fara raunana hannun da ya kawo masa suna, 'yan kallo suna ganin haka a dandali. Deep Purple ta watse a 1976. Ran 3 ga Disamba na shekarar ya buɗe wa Jeff Beck wasa a Miami. Kashegari ya rasu a masaukinsa sakamakon ƙwayoyi da barasa da suka yi masa yawa, yana da shekara 25 kacal.

Har yau masu koyon jita suna nazarin Spectrum. Abin takaici shi ne, shekara uku kawai mai wannan baiwa ya yi a duniya bayan fitowar faifan.